Ranar da Na Karanta Allon Ƙanwata

Da farkon daminar da ta wuce, washegarin ruwan shuka, ɗana ya tsaya a ƙofar ɗakina da fartanya a kafaɗa ya ce ya yanke shawara, Ladi ta gama da makaranta. Ladi 'yarsa ce, jikata, ta isa a aike ta ko'ina a cikin Anka ta je ta dawo, amma har ranar ba ta iya haɗa baƙi biyu su zama kalma. Ya ce an sake maido ta ajin baya, cikin yaran da ba su kai ta kafaɗa ba, ita da kanta kuma ta ce ba ta komawa. "Inna, wahala ta kawai," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Kan nata ba shi ɗauka. A bar ta ta taya uwatta aikin gida, ta huta, mu ma mu huta." Ladi na tsugune bakin murhu tana hura wuta, ta ji komai, ko ɗagowa ba ta yi ba. Wannan rashin ɗagowar shi ya soke ni. Na ce makarantar can a bar ta tukuna, na yarda, amma karatu ba za a bari ba. A ba ni ita daga yau har a kai amfani gida, in ban ga komai ba, ni da bakina zan ce a ƙyale ta. Ya sa kai ya tafi gona.

Ba don ni wata malama ce na yi wannan ƙarfin hali ba. Na yi ne don na taɓa tsugunawa inda take tsugune, sai dai abin ya daɗe, waɗanda suka san labarin duk ƙasa ta rufe musu ido. Ƙauyen da aka haife ni yana can ƙasar Gummi, a bakin fadama. An ce yanzu gidaje da yawa sun zama kango, mutane sun watse saboda abin da kowa ya sani. Ni dai ban koma ba, ba na kuma son in koma, don a raina garin yana nan da hayaniyarsa. Gari ne da ake jinsa kafin a gan shi. Da hantsi mata uku su kewaye turmi ɗaya suna lugude, suna cilla taɓarya sama suna tafi kafin ta dawo. 'Yan matan Fulani su shigo da ƙore a ka suna kiran nono, Innarmu ta tare su da ɗan fillancin da ta tsinta, su yi ta mata dariya ita ma tana yi. In shinkafa ta fara nuna a tura mu fadama, muna jan igiyar da aka rataya wa gwangwanaye, muna ihu har murya ta dushe, tsuntsayen kuwa ko a jikinsu. Tsakanin wannan da wancan ga ɗiban ruwa, ga surfe, ga goyon ƙanne. Yaran yanzu in ka aike su sau biyu sai ka ji ana huci, ido na kan waya. Mu kam in an gama da kai a gida, maƙwabta na jiranka.

Amma duk cikin ƙarar garin ba wadda ta kai ta zauren Malam. Safe da la'asar muke zuwa, maza a gefe, mu mata a gefe, kowa da allonsa a cinya. Malam ya rubuta maka, ya biya maka sau biyu ko uku kana bi, sa'an nan ka koma wurinka ka yi ta maimaitawa da iyakar ƙarfinka, yatsa na bin rubutu. Kowa nasa yake yi daban, amma daga nesa sai ka ji kamar ƙudan zuma sun tashi. Ranar da ka iya, ka durƙusa gabansa ka kawo, in ya gamsu ya ce je ka wanke. Kai, ka ga yarinya ta nufi dutsen wankin allo tana taƙama, ba mai iya yi mata magana ranar! To ni Allah ya ba ni kunne. Abu in an faɗa sau ɗaya ya zauna, har da inda Malam yake jan numfashi. Tun ina babbaƙu, matakin da ake koyon sunayen haruffa, na gane ba sai na wahalar da idona ba: in ji, in riƙe, in maido. Rubutun kuwa, wallahi, in na dube shi sai in ga kamar tururuwa sun bi ta kan allon, ɗigon sama da na ƙasa duk ɗaya ne a wurina. Yatsana na koya wa tafiya daidai da bakina, ya isa ƙarshen layi lokacin da numfashi ya ƙare. Na yi ta wanke allo ina wuce sa'o'ina, Baba na nuna ni ga baƙi. Da farko ban ma ɗauki abin ɓoyo ba, na zaci kowa haka yake yi.

Allona da na ƙanwata rana ɗaya aka sassaƙo su, itace ɗaya, hannu ɗaya, ba su da bambanci sai abin da ke rubuce a kai. Ita tana baya can a gajerun surori, ni na yi nisa. Kullum nawa yana jingine a dama da randa, nata a hagu. Ran nan hadari ya taso muna fadama, Inna ta kwashe kayan tsakar gida a gurguje, da ruwa ya ɗauke ta maido da allunan ta jingine yadda hannunta ya kai. Da la'asar na shigo a guje, na suri na dama, ban ko duba ba. Me zan duba? Ranar kuwa ranar kawo karatuna ce. Na durƙusa gaban Malam, na gyara murya, na fara zubawa, yatsa na tafiya, muryata har waje. Na lura bai gyaɗa kai yadda ya saba ba, na ɗauka daɗin karatun ne ya kama shi, sai na ƙara ƙaimi. Ya bar ni har na dire. Daidai nan ƙanwata ta shigo tana kuka da ɗaya allon a hannu, wai Yaya ta ɗauke mata nata, wannan ba ta san abin da ke ciki ba. Ita ƙarama ta duba ta gane ba nata ba ne. Ni babba na karance nata tas da karatun da ba ya ciki.

Malam ya sa yatsa a kan baƙi ɗaya a tsakiyar allon. "Wanga mi na?" Na yi shiru. Ya matsa gaba. "Wanga hwa?" Shiru. Zauren da ba ya taɓa yin tsit ya yi tsit, sai wata yarinya daga baya ta ce, "Ashe aku ta!" Dariya ta ɓarke. Malam ya daka musu tsawa, bai kuma taɓa ni da bulala ba, ni kuwa da ya zane ni da ya fi mani sauƙi. Ya ce gobe in koma babbaƙu, cikin masu majina. Da yamma ya sami Baba ya ce masa bakina ya yi nisa amma idona bai tashi daga inda aka fara ba, shi ma da nasa laifin da bai lura ba. Sunan nan kuwa ya bi ni, a rijiya Aku, a fadama Aku. Kwana uku ina fita da allo in laɓe a bayan rumbu har a tashi. Da Baba ya gano bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Tau, a bar ta, ba kowa ka karatu ba." Na ji sanyi a raina, na kuma ji baƙin cikin da ban san sunansa ba, don na gane an sallama ni.

Gwaggo ce ta ƙi. Yayar Baba ce, mijinta ya rasu ta dawo gida, ɗakinta na ƙuryar gidanmu. Ta yi karatu wurin kakanmu, matan aure na zuwa ɗaukar karatu wurinta, kuma ba ta da sakin fuska ko kaɗan. Kaɗi ne aikinta. Daga hantsi zuwa azahar tana zaune da auduga a hannun hagu, mazari na juyawa, tana dangwalar alli, farin nan da masu kaɗi ke shafa wa yatsu don zare ya bi. Ta aika aka kira ni da Baba. Ta ce masa, a gabana, "Kai ka cewa a bar ta? Kai da sai da nig goya ka zuwa makaranta kana kuka? Ba ni ita." Baba ya sosa ƙeya ya fita. Ta kife baƙin akushi a gabana, ta sa alli ta zana baƙi ɗaya a bayansa, babba, ta faɗi sunansa sau ɗaya. Ta goge, ta zana wani, ta faɗa. Ta goge, ta maido na farkon, ta ɗauki mazarinta ta ci gaba da kaɗi. Na jira ta biya mani. Ba ta biya ba.

"Gwaggo, ki hwaɗa in bi."

"Ba ni hwaɗi," ta ce. "Kunnen ga naki ɓarawo na, shi ka sace ma idonki abinci. Yau shi kwana da yunwa."

Na yi kuka har da shessheƙa. Ta ce in yi kukana a hankali, in na gama baƙin yana nan, ba inda za shi.

Haka muka yi ta yi. Ba ta bin jeri, don ta san in ta bi jeri kunnena zai haddace. Yau ta fara daga tsakiya, gobe daga ƙarshe. Wani baƙin mu kwana uku a kansa. Ba ta zagi, ba ta yabo. Ba abin da nake ji sai zuuu ɗin mazari da kajin tsakar gida, kuma a cikin wannan shirun ne na fara ganin ashe kowane baƙi da kamanninsa, wani da ciki, wani da wutsiya, wani a miƙe sak. Aka yi girbi, aka sake shuka. Wata rana da hantsi ta cika bayan akushin da rubutu, ba sura ba ce, ba addu'a ba ce, ba abin da na taɓa ji a bakin kowa. Hausa ce ta rubuta da baƙaƙen allo. Na zauna ina haɗawa ina warwarewa, zufa na keto mani, har inuwar ɗaki ta janye daga ƙafafuna. Can sai maganar ta fito mani sarai: akwai nakiya a ƙarƙashin faifai a ɗakina, ɗauki biyu. Na miƙe na shiga ɗakin, na ɗaga faifai, ga nakiya. Na fito da ita a hannu. Gwaggo ba ta dube ni ba, amma zarenta ya tsinke, ita da ake kwana da kwanaki zare bai tsinke mata ba. Tana ƙullawa tana cewa, "Biyu nic ce, kar ki ƙara." Ban taɓa cin abin da ya kai nakiyar nan daɗi ba, har yau da haƙorana suka ƙare.

Na koma zaure da ƙafata, daga baya na sauke. Boko kuwa sai da na yi aure a ƙasar Bukkuyum, da goyo a bayana, na koye shi a ajin yaƙi da jahilci na matan aure, bai kuma ba ni wuya ba, don idona ya riga ya koyi tsayawa. Shi ya sa in na wuce makarantun yanzu nakan rage tafiya in saurara. An sami gini, an sami littattafai masu hotuna da mu ko a mafarki ba mu gani ba, amma ƙarar ita ce dai. Malami ɗaya a gaban aji cike maƙil, ya faɗa, yara su ɗauka baki ɗaya har kwanon rufi na amsawa. Ban ga laifinsa ba, bawan Allah, ido biyu gare shi. Sai dai na san a cikin wannan amon akwai irina, suna buɗe baki daidai da kowa, ba mai ganewa sai ranar da asiri ya tonu. Da can in ya tonu, akwai wata tsohuwa a ƙuryar gida da ke da lokaci. Yanzu gidajen sun tsuke, an bar kaɗi, mu tsofaffin muna can manne da rediyo ko muna jiran waya daga waɗanda suka watsu. Kowa ya sallama wa makaranta, in abin bai yiwu a can ba sai a ce yaro ne ba ya ja.

Na Ladi ya fi nawa nauyi, ba zan ɓoye ba. Lokacin da zinari ya ɓulla a ƙasarmu muna zaune a wani ƙauye kusa da Yargalma, tun kafin zama ya gagara mu dawo Anka. Ubanta na cikin waɗanda suka ajiye fartanya suka shiga rami. Duwatsun da aka haƙo a buhu ake kawo su gida, a farfasa, mata su daka a tsakar gida, a shanya garin inda ake shanya tsaba. Wa ya sani? Ƙura ce kamar kowace ƙura. Ladi na rarrafe a cikinta tana kai hannu baki. Sai yara suka fara sanƙarewa. Wan da take bi bai tashi ba. Ita ta tashi, bayan likitoci sun zo sun ce gubar dalma ce a cikin dutsen, aka kankare ƙasar gidaje aka zubo sabuwa, aka yi ta ba ta magani. Tun a lokacin sun ce wasu yaran abin zai taɓa musu saurin fahimta. Daga nan duk abin da Ladi ta kasa, sai a ce dalma ce. Ta manta aike, dalma. Ta kasa karatu, dalma. Har ita ma ta iya faɗa, in an tambaye ta abu sai ta ce, "Ai ni dalma ta taɓa ni," kamar mai faɗin sunan unguwarsu. Uban kuwa bai ƙara shiga rami ba, bai kuma ƙara zama inda take karatu ba. Da ta fara inda-inda a kan littafi sai ya tuna da wani aiki a waje. Na san abin da ke cinsa, shi ya ɗauko buhun a kansa ya shigo da shi gida. Amma ɗan fari ne, tsakanina da shi akwai kunya, ko sunansa ba na kamawa, balle in zaunar da shi in ce ga abin da na gani a zuciyarka. Shekara da shekaru muna gida ɗaya, ba wanda ya taɓa maganar.

Muka fara, ni da ita, a daɓen ƙofar ɗakina, da gawayi da jiƙaƙƙen tsumma, bayan wanke-wanken safe. Ranar farko na ba ta littafinsu na ce ta karanta, ta zubo shafin farko tas, idonta kuwa a fuskata yake, ba a takarda ba. Na ce a raina, sannu 'yar gida. Na ajiye littafin can bisa, na ɗauko hanyar Gwaggo yadda na gada: in rubuta, in faɗa sau ɗaya, in ja bakina. To amma ni ba Gwaggo ba ce, zuciya gare ni tun ina yarinya. Ladi ma ba ni ba ce. Abin da ta kama yau, gobe ya zube, mu koma kamar ba mu taɓa yi ba. Wata safiya, mun yi sati a kan baƙaƙe huɗu, na nuna ɗaya ta kira shi da sunan wani, ta saci kallon bakina tana jira. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. "Dibi ƙasa! Ke aku ta, da sai an hwaɗa miki?" Kalmar na fita na ji kamar na taka garwashi. Innalillahi! Shekara nawa ina ɗauke da sunan nan, ashe ajiye shi na yi in ba jikata. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da na ji sauƙi. Ta tashi ta karkaɗe zaninta ta ce, "Kaka, ai an hwaɗa miki, dalma ta," ta tafi.

Kwana biyu ba ta zo ba. Rana ta uku na same ta bayan ɗaki tana tsinkar zogale, na zauna kusa da ita da ƙyar, gwiwa na ƙara, na ce ta yafe mani. Ta zaro ido, don ba ta taɓa jin tsohuwa ta roƙi yaro gafara ba, ni ma ban taɓa ji ba. Na ba ta labarin allon ƙanwata tun daga randa har nakiya. Da na zo inda nake ƙara murya a gaban Malam, sai ta fashe da dariya har zogalen ya zube. "Kaka, ke? Ke da ki ka karanta ma mutane takarda?" Na ce ni ɗin nan, kuma ni ba dalmar da ta taɓa ni. Na ce mata ban san iyakar abin da gubar nan ta ɗauka ba, likita ma bai ce ga iyakarsa ba, amma ba za mu ƙara mata da abin da ba ta ɗauka ba. Daga ranar na sassauta. Na gane shiru kaɗai ba ya isarta, ita sai hannunta ya taɓa. Na zuba gero a faifai tana zana baƙi da yatsa tana faɗa, ta shafe ta sake. Muka murɗa baƙaƙen da laka muka shanya a rana, kaji suka tattake rabi. Ni kuma na samo wa hannuna aiki, ɓarar gyaɗa, don in bakina ya yi ƙaiƙayi in shagala. Abu ya riƙa zama kaɗan-kaɗan, yana zubewa yana dawowa. Da gero ya fara fitar da kai ta haɗa kalmarta ta farko. Da aka fara yanka, kullum sai in rubuta mata layi ɗaya sabo wanda ba ta taɓa ji ba, akuya ta shiga gonar liman, ko Kaka ta ƙona miya. Takan daɗe, wani lokacin har a kira azahar, wani lokacin kuma ta kasa sai gobe.

Ranar da aka kawo damin dawa na ƙarshe, da la'asar sakaliya, uban ya shigo da ƙaiƙayi a jikinsa ya tarar da mu a daɓe. Wa'adin da na ɗiba ya cika, mu duka mun sani. Ya so ya wuce kamar kullum, na ce, "Kai, tsaya ka gani da idonka, kar ka ce labari anka ba ka." Ya tsaya daga gefe. Na rubuta, kaza ta yi ƙwai a cikin kwando. Ladi ta sa yatsa. Ta fitar da kalma ta farko, ta biyu, ta uku, ta zo ta huɗu ta cije. Leɓenta na motsi, ba sauti. Na ci gaba da ɓarar gyaɗata. Na ji numfashinsa ya sauya, ya gyara tsayuwa, ya sake gyarawa, can ya kasa daurewa.

"Ƙwai," ya ce a hankali. "Ƙwai na, Ladi."

Ta ɗago ta dube shi ranta a ɓace, irin kallon da ban taɓa ganin ta yi wa kowa ba. "Haba Baba! Na kusa hwa. Ka ɓata man." Ta jawo tsumma ta goge layin duka. "Kaka, rubuta wata. Baba, kar ka hwaɗa."

Na riƙe gawayin na daɗe. Sa'an nan na sunkuya na rubuta abin da na kasa faɗa da bakina tun ranar da aka rufe wanta. Ya karanta tun kafin in ɗaga hannu. Ya tsuguna a inda yake, ya sa tafin hannu ya toshe bakinsa. Ladi ba ta lura ba, tana can ƙasa da yatsanta. Ta daɗe ƙwarai, har inuwa ta haye katanga, ba wanda ya ko yi tari. Ɗaya bayan ɗaya ta ciro kalmomin, tana komawa baya tana haɗawa, har ta faɗe su a jere da muryarta: "Baba bai san da guba a dutsen ba."

Ta dubi rubutun, ta dube ni. "Wagga ba sabuwa ba ta, Kaka," ta ce. "Na daɗe da sani."

Uban ya juya fuska ga katanga, ni kuma na sunkuyar da kai a kan gyaɗar da ke cinyata, don hawaye sun ci ƙarfina. Bai tayar da maganar wa'adi ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki jiƙaƙƙen tsumman, ya goge daɓen da kansa har gefe-gefe, ya matso ya zauna sosai kusa da 'yarsa.

"Inna," ya ce, "rubuta mata wata."